Kotu ta kira ni cikin masu taimaka wa alƙali a Ingila

Direba a Manchester:
Assalamu alaikum. Takarda ta iso mini cewa an zaɓe ni cikin masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, ga shi tasi nake tuƙawa, ranar da ban fita ba ko sisi ba ya shigowa. Akwai hanyar kaucewa?

Yayarku a Leeds:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka amsa cikin kwana 7, domin wanda ya yi biris ana iya cin sa tarar fam 1,000. An yarda ka nemi a ɗage sau ɗaya, zuwa wani lokaci cikin wata 12.

Dattijo a Birmingham:
Ni na yi, kwana 10 muka zauna mu 12. Wanda ya rasa kuɗin shiga yana iya karɓar har fam 64.95 a rana, kuma gaskiya ba ya isa, shi ya sa mutane suke gudu. Amma abin da ya hana ni barci shi ne ganin mahaifiyar wanda ake tuhuma tana zaune tana kallonmu, alhali makomar ɗanta tana hannunmu. Ka je, Malam, ka saurari shaidu da kyau.