Neman kalma: me za mu kira decathlon da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana huɗu ke nan da na yi tambaya kan sunan da ya dace da wasan nan da Turawa ke kira decathlon. Amsoshi sun zo da yawa, wasu ma ta waya suka kira ni, na gode ƙwarai. Zan kawo abin da aka ba da shawara da kuma inda ni na tsaya, amma bari in fara da abin da ya jawo maganar.

Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare a nan cikin Sakkwato. A watan Agustan 2024, lokacin gasar Olamfik ta Faris, muna zaune a zaure ni da kawuna muna kallo. Kawu tsohon ɗan kokawa ne, a zamaninsa ya zagaye ƙauyukan Gwadabawa da Illela bayan kaka, kuma har yau in ya ga ƙirar jikin mutum sau ɗaya ba ya mantawa. A rana ta biyu sai ya nuna talabijin da sandarsa.

"Kai, wanga yaro ba shi na munka gani jiya shina gudu ba? Mi yak kai shi ga jihwar mashi?"

Na ce, "Awo Kawu, shi na. Haka wasan nasu yake, mutum guda ke yin wasa iri goma."

Ya ce, "To mi as sunan wasan?"

Na faɗa masa kalmar Turawa. Ya maimaita sau biyu, ba ta zauna a bakinsa ba, sai ya ce in bari. Tun ranar abin yake damuna, don kuwa haka nake fama da ɗalibaina: su haddace kalmar saboda jarrabawa, su fita aji ba su san me ke cikinta ba.

Ga wanda bai san wasan ba, kwana biyu ake yi. Ranar farko gudun mita 100, dogon tsalle, jifan dalma, tsallen sama, sai a rufe da gudun mita 400. Kashegari a fara da gudun tsallake shinge na mita 110, sai jifan faifai, tsalle da sanda, jifan mashi, sannan gudun mita 1,500. Dalmar nan kilo 7.26 ce, faifan kilo 2, mashin giram 800. Duk malamin wasanni ya san cewa jikin da ke tura dalma nesa jiki ne mai nauyi, kuma nauyin nan shi zai zame wa mai shi kaya in an zo mita 1,500. Mu muna cewa taura biyu ba ta taunuwa, su kuwa goma aka ba su.

Wurin da nake so a lura da shi sosai shi ne yadda ake fitar da gwani, domin a kansa ne na auna duk kalmomin da aka kawo. Ba a ba da lamba a kowane wasa. Abin da ka yi a kowanne, sakan ne ko mita, akwai jadawalin da ke mayar da shi maki, kuma tun 1985 ake aiki da jadawalin yanzu. Misali, wanda ya yi dogon tsalle na mita 7.76 ya samu maki 1,000. A ƙarshen rana ta biyu a haɗa makin goman nan, mai rinjaye ya ɗauki zinare. Saboda haka mutum na iya ɗaukar zinare bai zo na ɗaya a wasa ko guda ba, wani kuma ya fi kowa a wasa uku ya koma gida hannu rabbana.

Abin da ya faru a Faris ya ishe mu misali. Damian Warner ɗan Kanada ya shigo yana riƙe da zinaren Tokiyo, inda ya tara maki 9,018. Da aka zo tsalle da sanda ya gwada sau uku bai haye ba, aka rubuta masa sifili, shi ke nan maganar lamba ta ƙare masa. Leo Neugebauer ɗan Jamus shi ke gaba a ƙarshen ranar farko da kuma bayan tsalle da sanda, sai da aka yi jifan mashi Markus Rooth ɗan Norwe ya sha gabansa. Ƙarshe Rooth ya tashi da 8,796, Neugebauer 8,748, Lindon Victor ɗan Girenada ya ɗauki tagulla da 8,711. Maki 48 ne tsakanin zinare da azurfa bayan wahalar kwana biyu, wato abin da bai wuce sakan bakwai ko takwas ba a gudun ƙarshe.

To, mu koma ga kalmomi.

Wani ɗalibi daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ce a Hausantar da ita kawai, a ce dikatalon, kamar yadda muka yi wa kwamfuta da talabijin. Hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma ni ba na ƙin aro. Amma kwamfuta ta zo mana ne da jikinta, muna taɓa ta kullum, ganinta ya koya mana sunanta. Wannan wasa kuwa yawancinmu sai shekara huɗu-huɗu muke ganin sa, don haka dole sunan ya ɗauki nauyin bayanin kansa. Sannan kalmar asalinta Girkanci ce: deka goma, athlon gasa. Ƙirga kawai suka yi, ba wani sirri a ciki. Abin da suka ƙirga da harshensu mu ma muna iya ƙirgawa da namu.

Mafi yawan jama'a cewa suka yi wasa goma ko gasa goma. Ita ce ta fi kusa da baki, amma tana ɓatar da mai saurare. In ka ce wane ya ci gasa goma, kowa zai ɗauka lambobi goma ya kwaso. In kuma ka ce ɗan wasa goma, ka shiga gidan kallon ƙwallo ka faɗa ka ji, mai riga lamba 10 za a nuna maka.

Wani malamin Hausa da nake girmamawa ya kawo sha-kundum. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kalmar tana da daɗi da kwarjini, kuma ta dace da mutumin da ya iya komai. Matsalarta ba ta ƙirga. Mata suna da tasu gasar mai wasa bakwai, akwai mai biyar, akwai mai uku ta ninƙaya da keke da gudu. In wannan ta zama sha-kundum, sauran fa? Ina ganin mu ajiye ta a matsayin kirarin wanda ya ci gasar, can ne za ta yi kyau.

Wadda ta buɗe mini ido wata malama ce abokiyar aikina. Ta ce, "Malam, ai wannan dafa-duka ce." Ba za mu ɗauke ta ba, sunan abinci ne kuma ya riga ya zauna, sannan ba duka wasanni ake yi ba, goma ne ƙayyadaddu. Amma dubi ginin kalmar: aikatau a gaba, abin da aka yi wa aikin a baya. Dafa-duka, hana-salla, rufa-ido. Haka Bahaushe ke raɗa wa sabon abu suna tun kaka da kakanni, ya faɗi abin da yake yi a gaɓa huɗu ko biyar ya wuce. Sai na ce to wane aiki ake yi wa goman nan?

Farko na ce tara-goma, tunda maki ake tarawa. A baki ta yi daidai, domin tara ta tarawa ana jan wasalinta na farko, ta ƙirga kuwa ba a ja. A rubuce ne ta faɗi. Na rubuta ta a allo na ce wani yaro ya karanta, ya miƙe ya ce "tara, goma", yana jiran ya ji ko sha ɗaya ce ke biye. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, kuma kalmar da za ta shiga jarida da takardar jarrabawa dole ta tsira a rubuce.

Daga nan na dawo kan haɗa-goma, kuma a nan na tsaya.

Haɗa tana ɗauke da ma'ana biyu da wasan ke buƙata. An haɗa wasa goma a jikin mutum ɗaya, an kuma haɗa makinsu kamar yadda ɗan kasuwa ke haɗa lissafi da yamma. Wanda ya ji ta ba zai zaci lambobi goma ba ne, zai gane abu goma ne suka koma ɗaya. Tana karɓar ɗan da 'yar da 'yan ba tare da gardama ba: ɗan haɗa-goma, 'yan haɗa-goma. Kuma tana haihuwa: haɗa-bakwai, haɗa-biyar, haɗa-uku.

Na gwada ta cikin jimloli irin na labaran rediyo, ku ma ku karanta da ƙarfi ku ji. Kevin Mayer ɗan Faransa ne ke riƙe da bajintar duniya ta haɗa-goma, maki 9,126 da ya samu a garin Talence a 2018. Larbi Bourrada ɗan Aljeriya ya zo na biyar a haɗa-goma a Olamfik ta Riyo a 2016 da maki 8,521. A haɗa-bakwai ta mata, har yau ba a karya 7,291 da Jackie Joyner-Kersee 'yar Amurka ta kafa a Seoul a 1988 ba. Sai wadda ta fi gamsar da ni, don ta buƙaci kalma biyu a numfashi ɗaya: a Stockholm a 1912 Jim Thorpe ya ci haɗa-goma da haɗa-biyar duka. (Labarin mutumin nan yana taɓa ni. An ƙwace lambobinsa a 1913 saboda an taɓa biyan sa kuɗi a wani wasa, ya mutu a 1953 ba a mayar masa ba, sai a 2022 aka tabbatar shi kaɗai ne zakaran gasannin biyu.)

Wani ɗan'uwa daga Tambuwal ya ce shi haɗa-goma ta yi masa kama da sunan maganin gargajiya, irin wanda ake tallarsa ranar kasuwa. Na yarda akwai wannan ƙamshin. Amma kalmar ba ita kaɗai za ta riƙa yawo ba, gasar haɗa-goma za a ce, ko ɗan haɗa-goma, kuma da an ji ta sau uku a filin wasanni na rediyo kunne zai saba. Ina roƙon 'yan'uwa masu gabatar da shirin wasanni a gidajen rediyon Sakkwato su gwada ta su gani, in ta ƙi zama a bakin jama'a sai mu sake zama.

Jiya da la'asar na kai wa Kawu ita. Na tuna masa daren nan da muka ga yaran sun ƙare mita 1,500 sun zube a ƙasa, sannan suka tashi suka zagaya fili tare, mai zinare da na ƙarshe, kamar yadda suka saba. Na ce, "Kawu, wasan nan haɗa-goma muka sa masa."

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Haɗa-goma. To wanga kam na ji shi. Shi yaron da yac ci, ɗan wace ƙasa na?"

Ranar Litinin in Allah ya kai mu ita zan rubuta wa 'yan aji biyar a allo. Sauran abin da ya rage mini shi ne wasa na takwas. Na rubuta tsalle da sanda a sama, amma wasu dattawan da suka yi makaranta a da tsallen gora suke cewa, saboda da gora aka yi ta yin sa kafin a koma sandar roba mai lanƙwasa. Wanda ya san abin da ake kiran sa a makarantarsu, ya faɗa mana garin da kuma shekarar.