Na kasa zaɓar abin da zan karanta, ku ba ni shawara

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Saura wata huɗu mu gama sakandare, kowa a ajinmu ya san inda ya dosa sai ni. Baba likitanci yake so in karanta, ni kuwa da na ga jini sai jiri ya ɗebe ni. Daren jiya har ƙarfe biyu idona biyu, fom yana gabana, na kasa cike gurbin kwas. Don Allah ku taimaka.

Malam: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, Auta. Na daɗe ina koyarwa, da yawa cikin masu cewa sun yanke shawara a baki ne kawai, su ma zuciyarsu rawa take yi. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, John Holland, tun 1959 ya kasa sha'awar aiki gida shida: aikin hannu, bincike, fasaha, hidimar jama'a, jagoranci da kasuwanci, sai aikin tsari da takardu. Akwai gwaji kyauta a intanet da aka gina a kan wannan, O*NET Interest Profiler, tambayoyi ne da Turanci. Ki gwada.

Yaya Babba: Allah gafarta Malam, gwajin yana da amfani, amma ba ya nuna wa mutum yadda wuni guda yake a wurin aiki. Ni aikin akanta na karanta don kowa ya ce ba a rasa aiki. Sai da na zauna daga safe har yamma ina daidaita rasit da littafin kuɗi, kullum in tashi da ciwon kai, na gane ba wurina ba ne. Shekara biyu na daure kafin na koma harkar sola, kuma ban yi nadama ba. Ƙanwata, ki nemi mutum uku masu sana'ar da kike tunani, ki roƙa ki wuni tare da su. Ki tambaye su abin da ya fi gundurarsu a aikin.

Anti: Ni maganar Baba ce ta tsaya min. Kada ki je masa da "ba na so" kawai, zai ɗauka ƙuruciya ce. Ki je da abin da kike so a hannu. Kuma asibiti ba likita kaɗai ba ne, 'yata. Akwai haɗa magunguna, akwai gashin ƙashi, akwai ɗaukar hoto. Ni shekarata goma sha biyu a ɗakin magani, da wuya in ga jini. Rashin barcin nan kuma, in ya kai mako biyu ko kin daina cin abinci, ki faɗa wa Mama ko malamin ba da shawara na makarantarku. Kada ki bar shi a cikinki.

Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na yi gwajin yanzu, bincike da tsari ne suka rinjaya. Anti, za ki yarda in zo ranar Asabar in ga yadda kuke aiki? Maganar Baba zan bari sai na dawo, kuma ina so Mama ta zauna a wurin.

Anti: Ki zo ƙarfe takwas, ki taho da littafi da biro.