Ciyawar roba za ta hana ruwa kwanciya a tsakar gida?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Duk watan Agusta tsakar gidanmu sai ta koma kududdufi, ruwa ya kwana biyu bai tafi ba, sai mun jera bulo muke takawa zuwa kicin. Wani mai sayar da ciyawar roba ya ce in shimfiɗa ta, in zagaye gefe da bulo layi biyu, in cika da ƙasa in shuka fulawa, shi ke nan na rabu da ruwa. Wai ciyawar shanye shi take yi. Haka ne?

Nura: Wa alaikumus salam Hajiya. Haka ne wallahi, ni shaida ne. Bara na sa a gidana, damina ta zo ta wuce ban ga taɓo ba. Yara ma a kai suke birgima.

Injiniya Bashir: Nura, roba ba ta shan ruwa. Ka ɗaga gefen taka ka juya bayanta, za ka ga ƴan ƙananan huji a jere. Ta nan ruwa yake zurarewa ya tarar da ƙasar da ke ƙarƙashi. In ƙasar mai sha ce, ya wuce. In yumɓu ce, yana nan zaune, an dai lulluɓe shi da kore.

Nura: To filayen ƙwallo na roba fa? Ana tafka ruwa ana buga wasa.

Injiniya Bashir: Abin da ba ka gani a filin ƙwallo ya fi robar cin kuɗi. Haƙa ake yi, a zuba tsakuwa a daddaɓe, a binne bututu masu huji da ke kwashe ruwa su kai shi waje. Robar ita ce aikin ƙarshe.

Baba Ado Magini: Nura ɗana, ai na san gidanka. A kan tudu kake, ƙasarku rairayi ce. Ko tabarma ka shimfiɗa ruwa ba zai kwanta maka ba. Ni bulon nan da aka ce a zagaya ne ya fi tsaya min a rai. Bara waccan da damina aka kira ni wani gida da aka yi haka, an ja bulo ta kowane ɓangare, an shafe da siminti, ba a bar ƙofa ko ɗaya ba. Da na taka ciyawar sai ruwa ya tsartso ta tsakanin yatsuna, tana lumewa kamar katifa. Na yaye gefe, wari ya buso, ga gansakuka. Kwami suka gina da kuɗinsu. Sai da na fasa bulo uku ruwan ya samu hanya.

Malam Tukur: Baba, a yi wa bulon adalci. Yana hana ƙasar fulawa zubowa ta toshe rariya, wannan na gani da idona. Kuma ko ruwa bai tafi ba, Hajiya ta huta da taɓo.

Baba Ado Magini: Ban ƙi ba Malam, in an bar masa kafofi a ƙasa. Amma taɓon da kake gani ai gara shi da wanda ya ɓuya yana jiƙa gindin gini.

Maman Hanif: Ku maza kuna ta lissafin ruwa, ba wanda ya tambayi mai shara. A gidan yayata akwai ta. In rana ta take a watan Afrilu ba mai iya taka ta ba takalmi, sai ka ce garwashi. Ga kashin kaji da tsintsiya ba ta fitarwa, ga fitsarin yara. Da sallar layya sai da suka kai ragon waje aka yanka. Hajiya, in kina girki da gawayi ma, ƙwaya ɗaya ta faɗo ta huda ta.

Nura: Wannan kuma rashin kula ne. Tawa ina wanke ta da tiyo.

Maman Hanif: Ka ƙara wa mai kukan ruwa ruwa ke nan.

Injiniya Bashir: Hajiya, tambaya biyu. Indararon rufinku ina yake zuba? Kuma tsakanin tsakar gidan da lambatun waje, wanne ya fi tudu?

Hajiya Rabi: Duk a tsakar gida suke zuba, guda huɗu. Lambatun kuwa, tun da aka yi mana kwalta aka ɗaga layin, in ruwa ya yi ƙarfi ta rariya yake dawo mana ciki.

Injiniya Bashir: To ga ciwon nan. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. In rufinku ya kai murabba'in mita 100 aka yi ruwa milimita 30, lita 3,000 ke nan, duro 15 na lita 200, duk a tsakar gida, ga na titi yana shigowa. Ba shimfiɗar da za ta ɗauke wannan. A tara ruwan rufin a bututu ya tafi tanki ko waje. Sannan a cike tsakar gidan ta hau saman bakin lambatu, a ba ta gangara kamar santimita 2 a kowace mita zuwa rariya. In cikon zai kai dokin ƙofar ɗakuna, sai a haƙa rami a cika da duwatsu don ruwan ya riƙa shiga yana tsotsewa, nesa da gini da rijiya. Bayan nan in kina son kore, ki shimfiɗa.

Nura: Ni dai ban ce kar a yi gangara ba. Amma tawa ta yi min aiki.

Hajiya Rabi: Allah Ya taimake ni ban ba shi kafin alƙalami ba. Baba Ado, za ka samu zuwa ka duba?

Baba Ado Magini: Asabar bayan la'asar in sha Allah. Zan taho da tiyon awo mu ga tazarar da ke tsakanin dokin ƙofa da lambatu. Kafin nan ki sa yara su haƙa rami kamu ɗaya da rabi a inda ruwan ya fi kwanciya, su cika shi da ruwa, ki duba agogo ki ga awa nawa zai yi kafin ya tsotse.