Hassas harara: me za mu kira shi da Hausa?

Direba a Jidda: Salamu alaikum jama'a. Ranar Juma'a bayan la'asar na canja hassas harara (sunan da ake kiran sensar zafin ruwan inji da Larabci) na tsohuwar Corolla ta a ƙofar gida. Ina cikin aikin ƙanena ya bugo daga Kano, na ce masa hassas nake canjawa. Ya ce mene ne kuma hassas? Na ce sensa. Nan ma shiru, sai da na tura masa hoto. Ɗan ƙarfe ne da bai kai babban yatsa ba, bakinsa na nutse cikin ruwan injin, bayansa da soket mai waya biyu. Mota ta ishe ni da shan mai da baƙin hayaƙi, ashe shi ne. Aikin bai ci min rabin awa ba, amma sunansa ya hana ni sakat. Wa ke da kalma?

Malamar makaranta a Makka: Wa alaikumus salam. Ai ma'aunin zafi ke nan, me ya rage?

Makanike a Sina'iyya: Hajiya, a gafarce ni, ma'aunin zafi ba zai yi ba. In ka ce haka, hankalin direba zai tafi kan allurar nan da yake kallo a gabansa. Tsofaffin motoci da yawa ma biyu gare su: mai waya ɗaya na allura, mai waya biyu na kwamfutar motar. Wannan na biyun ba don idonka aka yi shi ba. Kwamfuta ce ke turo masa wuta bolt 5, shi kuma yana tare ta gwargwadon sanyin ruwa. In ka ɗora masa mita injin na sanyi za ka ga om (ma'aunin ƙarfin tare wuta) 2,000 zuwa 3,000, in ya ɗau zafi ya faɗo wajen 300. Da wannan kwamfuta ke sanin man da za ta zuba, a motoci da yawa har da lokacin kunna fanka. Na Yaya direba ina kyautata zaton ya maƙale ne a kan sanyi, sai kwamfuta ta yi ta ɗura mai tana jiran injin ya ɗumama, alhali a zafin Jidda muke.

Direba a Jidda: Wallahi Oga kamar kana wurin. Na auna shi injin na huci, bai sauko daga 2,000 ba.

Ɗalibi a Madina: Larabci daga ji ya ɗauko hassas, wato mai saurin ji. Mu ma muna da irin wannan ginin: maci amana, majidaɗi. Me zai hana mu ce maji-zafi?

Malamar makaranta a Makka: Ɗana, ginin ya yi kyau, ma'anar ce ta zame. Bahaushe in ya ce yana jin zafi, ciwo yake nufi ko haushi. Ka je ka ce wa mutum maji-zafinka ya mutu, ka ga abin da zai biyo baya.

Dattijo a Shara Mansur: Ku yaran nan kuna wahalar da kanku. Makanike ya riga ya ba ku sunan ba ku lura ba. Wanda ya je ya gano, ya dawo ya faɗa wa na sama, ai ɗan rahoto ne. Ku ce ɗan rahoton zafi. In ya yi gaskiya gida lafiya, in ya shirga ƙarya maigida ya yi ɓarna da kuɗinsa.

Makanike a Sina'iyya: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ta zauna. Abin da ya fi burge ni, tana ɗaukar 'yan'uwansa: ɗan rahoton iska, ɗan rahoton hayaƙi na jikin salansa. Kuma tana koyar da aiki, don mai jin sunan zai san ɗan aike ne, ba shi ke sanyaya injin ba. Sau nawa ake kawo min mota tana tafasa, mai ita ya canja hassas har biyu, ashe balf ne, wato mai buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto, ya ƙi buɗewa.

Tunda ana maganar canjawa a gida: a bar injin ya huce sarai, kada a taɓa murfin lagireto da zafi, ruwan na iya watso wa mutum a fuska. A cire kan batir, a rage ruwa kaɗan, a zare soket a hankali don robar ta gasu, tana karyewa kamar busasshen kara. Sabon a fara murɗa shi da hannu kafin a sa sifana, kada a ɗaure da ƙarfi, gidan alminiyom ne. A cika ruwa, a tada mota iskar da ta shiga ta fita.

Ɗalibi a Madina: Na janye tawa. Sai dai ya ɗan yi tsawo a baki.

Direba a Jidda: Yanzu na sake kiran ƙanen nawa, na ce ɗan rahoton zafi na canja. Bai nemi hoto ba, cewa ya yi ashe ƙarya yake ta yi wa kwamfuta.

Dattijo a Shara Mansur: Madalla. Amma ranar da za ka je shagon kayan mota, ka ce hassas harara, kada mai shago ya yi ta kallonka. To, shi kuma balf ɗin fa, Makanike, me za mu ce masa?