Masu riƙe da zauren WhatsApp, me ya fi ba ku wahala?

Mai Zaure: Assalamu alaikum. Masu kula da zauren unguwa, na dangi ko na tsofaffin ɗalibai, me ya fi kawo rikici, kuma da me kuke tare shi?

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam. Satar akawun ce kan gaba. Mutum zai kira ka ya ce akwai taro ta intanet, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo maka ta tes. Lambobin nan su ne mukullin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa, ya ɗora akawun ɗinka a wayarsa, ya fara roƙon kuɗi a zaure da sunanka. Rigakafi: shiga saituna, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirri mai alƙaluma shida, ka haɗa da imel. In an riga an sace, sake rajistar lambarka, sabbin lambobi za su zo ta tes, kana sakawa ɓarawon ya fita. Amma in ya riga ka sa lambar sirri, sai ka jira kwana 7. Kafin nan, masu kula su cire lambar wayar daga zaure.

Malamar Islamiyya: Malam, ka yi daidai, amma mu namu ciwon kan shi ne saƙon "tura wa mutum goma". Duk saƙon da ka ga kibiya biyu a samansa, ya bi ta hannu da yawa. Tun 2020 WhatsApp ba ya bari a tura irinsa sai wuri ɗaya a lokaci guda. Dokar da ta fi aiki ita ce: mai turo labari ya faɗi inda ya samo shi. Ku tuna jita-jitar wanka da ruwan gishiri lokacin Ebola a 2014, har rayuka aka rasa.

Ɗan Jarida: Hajiya, hoto ya fi rubutu ruɗi. Tsohon hoton rikici na wata ƙasa ake liƙa masa sunan garinmu. A sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa za a ga wuraren da ya taɓa fitowa. Dubawa da Africa Check ma suna bin diddigin irin waɗannan.

Mai Gyaran Waya: Na manta: kunna amincewar mai kula kafin sabon mutum ya shiga, kuma in mahaɗin gayyata (link ɗin shiga zaure) ya bazu, a sabunta shi, tsohon ya mutu nan take.

Yaya Babba: Ƙannena, kada a yi wa mutum gyara a gaban mutum ɗari biyu, zai kafe ne kawai. Mai kula ya goge saƙon ga kowa (yana da wajen kwana biyu), sannan ya bi shi ta bayan fage. Saƙon murya kuwa, in ya haura minti biyu, a rubuta gundarinsa a layi ɗaya, don mai sauran data kaɗan ba zai buɗe ba.