Neman shawara: in sayar da filin gado in tafi kwas ɗin mako uku a Turai?

Mai neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Ni ɗalibar shari'a ce, aji huɗu, gidanmu na cikin garin Bauchi. Tun da muka fara dokar ƙasa da ƙasa a semestar da ta wuce na ji ita ce hanyata, musamman ranar da malaminmu ya ɗauko mana shari'ar Bakassi, yadda Kotun Duniya ta yanke wa Najeriya da Kamaru hukunci a watan Oktoban 2002. Shi ne ya ba mu labarin Kwalejin Dokokin Ƙasa da Ƙasa da ke birnin Hague a ƙasar Holan, ya ce duk shekara cikin Yuli da Agusta suna yin kwas na mako uku-uku.

Ina cikin bincike sai wata ƙawata ta haɗa ni da wani ejan, yana da ofis a nan gari. Shi kuma cewa ya yi in manta da Hague, wai shigarta wuya, yana da wani kwas na mako biyu a Landan, in ba shi naira miliyan biyar ya yi min komai har biza, amma in fara ajiye dubu ɗari biyar kafin ƙarshen wata don ya riƙe min gurbi.

Mahaifinmu ya rasu shekara shida ke nan. Akwai fili da ya faɗo mana ni da Mama a rabon gado, ta hanyar Dass. Mama ta ce in dai karatu ne a sayar. Yayana ya ce ko kusa, wai me zan ci idan lokacin tafiya makarantar lauyoyi ya zo. Kwana uku ba ma magana da shi. Tambayata: wanne ya fi a cikin biyun, shin jami'ata za ta lissafa min shi, kuma akwai hanyar biya ban da sayar da filin? Na gode.

Barista, Jekadafari

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba: yayanki ya fi ki gaskiya. Digirin shari'a shekara biyar ne, bayansa ga shekara guda a makarantar lauyoyi, ko Bwari, ko Bagauda, ko Yola, ko ma a cilla ki Yenagoa. Kuɗin makarantar nasa daban, ga littattafai, ga baƙaƙen kaya da fararen riguna, ga watannin da za a tura ki kotu da ofishin lauya ba ko sisi, ga kuɗin hula da alkyabbar ranar rantsuwa. Idan babu wannan shekarar, ba ki zama lauya ba, ko da takardun Turai goma kika jera a bango. Ni da na je, sai da mahaifina ya sayar da bijimai biyu a kasuwar Kumo, kuma a lokacin naira da sauran ƙarfinta.

Kan tambayarki ta biyu kuwa, a'a. Ɗaliban Amurka ne kan je irin wannan karatu makarantarsu ta ƙara musu a makinsu, saboda akwai yarjejeniya tsakanin makarantun. Ke abin da za ki dawo da shi takardar shaidar halarta ce. Tana da amfani ranar da za ki nemi digiri na biyu, amma ba ta ɗauke miki ko darasi ɗaya.

Maman Husna

Ke 'yar nan, ejan ɗin nan ki bar shi da Allah. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi kafin ƙarshen wata don ya riƙe miki gurbi, tambaye shi sunan jami'ar, ki shiga shafinta da kanki ki aika musu imel. Ɗan ƙanwata haka aka yi masa shekaranjiya-shekaranjiya, dubu ɗari uku, aka ba shi wata takarda mai tambarin zinare da ko sunansa ba a rubuta daidai ba. Yau ofishin shagon cajin waya ne. Kuma babu mahalukin da ke da biza a aljihu.

Malam, mai koyarwa a Gombe

Na halarci kwas ɗin Hague shekarun baya, bari in ɗan tsawaita.

Da farko, babu ruwanki da ejan. Kwalejin tana nan tun 1923, kuma kai tsaye ake nema a shafinta. Tana cikin harabar Fadar Zaman Lafiya, wato inda Kotun Duniyar da ta yi shari'ar Bakassin take zama, kotun da ɗan ƙasarmu Taslim Elias ya shugabanta daga 1982 zuwa 1985. Kwas biyu ne: ɗaya kan dokar da ke tsakanin ƙasashe, ɗaya kuma kan rikicin da ya haɗa mutane ko kamfanoni na ƙasashe daban-daban, irin aure da gado da kwangila, a ga kotun wace ƙasa ce da hurumi, dokar wa za a bi. Yawancin 'yan Najeriya na farkon suke rububi. Ni da zan koma na biyun zan ɗauka, domin shi ne ke shigo wa lauya ofis: Bagombe ya rasu ya bar gida a Jidda da mata a Khartum, wa zai raba? Ana koyarwa da Ingilishi ko Faransanci, a sa miki na'ura a kunne tafinta na fassarawa.

Na biyu, suna da tallafin karatu, kuma ni da shi na je. Amma ana rufe nemansa tun watanni da yawa kafin Yuli, saboda haka wanda ya farka a watan Mayu ya riga ya makara. Suna son wasiƙar shaida daga malamin da ya koya miki dokar ƙasa da ƙasa. A nan ɗalibanmu ke yin sakaci. Sai ana saura kwana biyu yaro zai tare ka a bakin mota, "Malam a taimaka min da wasiƙa." Me zan rubuta a kanka? Ki je wa malaminki tun yanzu, ki kai masa wani abu da kika rubuta da hannunki, ko shafi biyar ne a kan Bakassin, don ya samu abin faɗa wanda ba "yarinya ce mai ladabi" ba. Takardar sakamakonki ma ki fara binta yau, kin san yadda fitar da ita ke cin lokaci.

Ki kuma karanta sharuɗɗansu da kyau, don suna son wanda ya yi nisa a karatun shari'a. A ganina mai digiri a hannu ya fi ki damar samun tallafin, kuma ya fi ki fahimtar abin da ake faɗa. Laccocin ba na share fage ba ne. Farfesa zai hau ya yi ta zuba kan shari'o'in da yake ɗauka kowa ya karanta. Mako na farko ni kaina, da digirina na biyu, rubutu kawai nake yi, sai dare in zauna in warware.

Sannan ko an ba ki tallafi, kada ki ɗauka ya ɗauke komai. Ki duba me ya ƙunsa, ki ware kuɗin jirgi daban. Ni garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji na cika rabin jakata da su, su suka rufa min asiri. Ɗaki na samu a gidan wata tsohuwa, ta ara min keken mijinta. Abin da ya fi ba ni wahala ba kuɗi ba ne, sallah ce: a Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, kafin ka yi isha'i ka kwanta asuba ta ƙwanƙwasa, ga lacca da safe.

Ɗan canji na Wunti

Hajiya ki yi lissafinki da Yuro, kada ki yi da naira. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 babu wanda zai iya ce miki ga farashin wata uku masu zuwa. Mun ga lokacin da Yuro ɗaya ya haura naira 1,500. Idan kika sayar da fili yau kika ajiye kuɗin a asusu, shi filin yana can yana tashi a hannun wanda ya saya, kuɗinki na nan yana narkewa. In dai tara kuɗi za ki yi, duk abin da ya shigo ki mayar da shi Yuro kaɗan-kaɗan. Ba don ina sana'ar nake faɗa ba.

Anti Lauya

Ni fa ban yarda da yadda kowa ya taru a kan yarinyar nan ba. Rabonta ne na gado, shari'a ta ba ta, ba na yayanta ba ne. Da namiji ne ya ce zai sayar ya sayi Keke Napep ko ya ja jari, da tuni an sa masa albarka. Mu nawa ne mata daga Bauchi da Gombe a wannan fanni? Ni na yi ta jiran "lokacin da ya dace" har aure ya zo, 'ya'ya suka zo, yanzu ko Abuja zan je taro sai na yi lissafin wa zai kai su makaranta. Mai son zuwa ta je tun ƙafarta na sake.

Abin da kawai zan ce, ƙanwata, kada ki sayar kafin ki riƙe takardar karɓa da biza a hannu. Kuma Mama da ta ce a sayar, ki zauna da ita ki tambaye ta da me take shirin riƙe kanta nan gaba, domin iyaye mata kan ce "a sayar" alhali zuciyarsu na kuka.

Barista, Jekadafari

Anti, Allah ya huci zuciyarki, ba wanda ya ce ba haƙƙinta ba ne. Amma ai maganarki ta ƙarshe ita ce matsalar. Ba za a ba ta biza ba sai ta nuna kuɗi a asusu, kuma kuɗin ba za su samu ba sai an sayar. Ga shi masu duba takardun banki ba sa son ganin asusun da ya yi wata biyar da dubu ashirin, rana ɗaya miliyoyi su faɗo ciki. In an hana ta, kuɗin bizar ma ba a mayarwa.

Hajiya mai harkar tikiti

Tunda an zo kan biza: ta Schengen za ki nema, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da Holan ke cikinsu, Yuro 90 ne kuɗinta tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Dole ki yi inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida a yi tafiya, kuma ki nema da wuri, don lokacin kowa ke son tafiya, samun ranar ganawa kan yi wuya. Da ƙafarki za ki je a ɗauki hoton yatsunki, ba a Bauchi ba, sai ki sa kuɗin mota da masauki a lissafi. In wani ne zai ɗauki nauyinki, kamar kawu ko yayan naki, ya rubuta wasiƙa ya haɗa da takardun bankinsa da shaidar dangantakarku. Ki karɓo wasiƙa daga tsangayarku cewa ke ɗaliba ce kuma za ki dawo ki ƙarasa. Kafin duk wannan, kina ma da fasfo? Ki tabbata sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a NIN da takardun makaranta, Aishatu a nan A'isha a can ya ɓata wa mutane da yawa tafiya. Tikiti kuwa kada ki biya sai biza ta fito.

Ɗan aji biyar

Yaya, kin duba kalandar makaranta kuwa? Bazarar Turai ita ce daminarmu, kuma tun yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 zangon karatu bai koma daidai ba a wurare da yawa. Kada Yuli ya same ki a tsakiyar jarrabawa. Kuma kada ki sa rai da NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai bashin karatu, bashinsu na makarantun gwamnati ne na cikin gida.

Ni abin da nake yi, Majalisar Ɗinkin Duniya na da ɗakin karatu na dokar ƙasa da ƙasa a intanet, laccocin manyan alƙalai da farfesoshi kyauta, data kawai za ki saya. Akwai kuma gasar kotun gwaji ta kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da Jami'ar Pretoria ke shiryawa duk shekara, makaranta ce ke tura wakilai. Ga kotun ECOWAS a Abuja, mota ɗaya ce daga nan.

Mai neman shawara

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maman Husna, na tambayi ejan ɗin sunan jami'ar kamar yadda kika ce, sai ya turo min saƙon murya wai in ban yarda da shi ba akwai mutum uku a layi. Na ce ya ba su.

Anti, jiya da dare na zauna da Mama. Ashe so take ta gina ɗakuna biyu a filin ta zuba 'yan haya, ba ta taɓa faɗa min ba. Yaya kuma da na nuna masa amsoshin nan ya ce in na samu tallafin, kuɗin jirgi a wuyansa, zai shiga adashen wurin aikinsu saboda shi. Ban cire rai ba, Anti, ko bana ko baɗi.

Fasfo ba ni da shi, ranar Litinin zan fara. Malam, wannan rubutu mai shafi biyar da ka ce in kai wa malamina, in tsaya a kan hukuncin 2002 kawai, ko in haɗa da yarjejeniyar Greentree ta 2006 da aka yi don aiwatar da shi?