Gajiyar da hutun ƙarshen mako ba ya warkarwa ga masu haɗa manhaja

Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a harkar haɗa manhaja. Yaya ake bambance gajiya ta yau da kullum da irin wadda mutum ke wayar gari ko buɗe kwamfuta ba ya so, alhali da can aikin yana burge shi? Kuma me ake fara gyarawa, mutum ko tsarin aikin? Shawarar da za a iya aiwatarwa nake nema don Allah.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan yanayi, wanda ake kira burnout da Turanci, a kundinta na rarraba cututtuka, ICD-11. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce abu ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamominsa uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan ya ji ba ya tsinana komai. Gajiya ta yau da kullum barcin kwana biyu kan kore ta. Wannan kuwa ko an huta, ranar Litinin tana nan daram.

Tsarin aikin ake fara dubawa. Ki yi sati biyu kina rubuta abin da kika yi a kowace awa, da abin da ya katse ki. Yawanci za ki tarar ba yawan kod (rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi) ne ke cin mutum ba, tsalle-tsalle ne: tikiti biyar (wato ayyukan da aka rubuta aka ba ki) a buɗe, taro a tsakiyar safiya, saƙon Slack, manhajar hirar ma'aikata, kowane minti goma. Duk katsewa sai kin sāke ɗora tsarin manhajar a kanki daga farko, kuma nan ƙarfin ke tsiyayewa.

Kada ki bar aiki fiye da biyu a buɗe lokaci guda. Duk tikitin da zai wuce kwana ɗaya ki tsaga shi, domin ganin abu ya kammala shi ke riƙe sha'awa. Ki keɓe awa biyu zuwa uku a kalanda, sanarwa a kashe. Kafin ki tashi kuma ki rubuta layi biyu: inda kika tsaya, da abin da za ki fara da shi gobe.

Injiniya Bilki:
Na yarda da Malam Habu, amma akwai wurin da aka fi jin jiki: zaman ko-ta-kwana, wato lokacin da injiniya ke jiran kira ko da manhaja za ta sami matsala. Idan waya na tashin mutum ƙarfe uku na dare, babu dabarar tsara lokaci da za ta yi masa amfani. Injiniyoyin Google masu kula da ɗorewar tsari sun sa wa kansu iyaka: aikin hannu mai maimaituwa kada ya wuce kashi 50 cikin 100 na lokacinsu, kuma matsaloli kada su wuce biyu a zaman awa 12. Ƙaramar tawaga ba lallai ta kai wannan ba, amma ma'auni ne mai kyau.

Ku tattara duk faɗakarwar matsala da na'ura ta aiko wa mai zaman ko-ta-kwana a wata ɗaya. Wadda ba ta buƙaci wani ya yi komai ba, a goge ta ko a mayar da ita rahoton safe. Wadda ta maimaitu sau uku, a buɗe mata tikitin gyara daga tushe. Wanda aka tasa da dare ya shigo a makare washegari, kuma a rubuta hakan a matsayin doka, kada ya zama alfarma.

Haka ma gwajin da na'ura ke yi wa manhaja, wanda yau ya wuce gobe ya faɗi ba tare da an taɓa kod ba. Yana kashe gwiwa ƙwarai, domin mutum yakan daina yarda da kayan aikinsa. A ware shi gefe a gyara.

Yakubu:
Abu ɗaya zan ƙara, 'yar'uwa: tsoron kada a bar ki a baya. Kullum da sabon abu, sai mutum ya mayar da darensa makaranta. Ki zaɓi abu ɗaya a wata uku, awa biyu ko uku a sati, in da hali cikin lokacin aiki. Abubuwan tushe kamar SQL (harshen rumbun bayanai), Git (mai adana sauye-sauyen kod), HTTP (ƙa'idar sadarwar yanar gizo) da karanta kod ɗin wasu sun fi daɗewa suna amfani.

Idan wa'adi ya matse, kada ki tsaya a "aiki ya yi mini yawa". Ki kai wa shugaban tawaga jerin nan na sati biyu, ki ce ga abu biyar, uku za su shiga kafin Juma'a, waɗanne biyu za a ɗage? Ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara yakan ƙara jinkirta shi, masanin kwamfuta Fred Brooks ya faɗi haka tun 1975, don haka rage aikin ake nema.

Idan kuma rashin barci, ƙuncin rai ko fita sha'awar komai ya bi mutum har gida ya wuce sati biyu, to ya ga likita. Yana iya zama ciwon damuwa, kuma gyaran kalanda ba ya maganinsa.